Neman Idon Gwaggo Habi, Daga Tsiga Zuwa Matazu

Da sunan Allah da ya halicci haske, ya kuma halicci idon da zai karɓe shi. Ni ce Dije ta unguwar marina a Tsiga, wadda ba ta riƙe allo ba sai bayan ta aurar da 'yarta ta fari. Saboda ku na rubuta wannan, matan da muke karatu tare. Tun da muka dawo, kowace ta tare ni a bakin rijiya sai ta ce in faro mata daga farko, ni kuwa bakina ya gaji. Wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Masu yawo da zancen cewa aljani ne ya buɗe idon Gwaggo su matso kusa, don su ne suka fi bukatar ji.

Ko takardar nan za ta faɗa hannun baƙuwa, bari in faɗi mafari. Gwaggo Habi ita ce malamarmu. Yanar ido ce ta rufe mata ido biyu tun kafin in shiga makarantarta. Ni da yatsa ta koya mini baƙaƙe, tana zana su a tafin hannuna. Da ka take karantar da mu, har karatunmu ya kai inda haddarta ta tsaya. Sauran yana cikin littattafan da ta gada wurin mahaifinta, a ɗaure cikin gafaka, kuma babu wadda ta isa ta buɗe su a cikinmu. Ana nan sai ɗanta Malam Sule, da ke zaune a Maska, ya aiko cewa da an gama shigar da dawa zai zo ya ɗauke ta da littattafan, tunda ba ta ganinsu, ɗalibansa kuwa suna so. Gwaggo ba ta hana shi ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta yi masa musu. Ni ba ɗana ba ne. Na ce kafin a rufe mana makaranta sai an gwada mai aikin ido da ake labari a Malumfashi.

Tsiga zuwa Ƙarfi

Mun ɗaura kaya tun kafin kiran assalatu. Mu uku ne: Gwaggo a kan jaki, ni a ƙasa riƙe da ƙafarta, sai mai jakin, Tanko, ɗan kawuna. Taubashina ne, saboda haka duk abin da kuka ji na ce masa a nan, ya ce mini wanda ya fi shi. Mun bi ayarin masu auduga da za su ci kasuwar Malumfashi, don ba a shiga dajin nan a ɗaiɗaice saboda mahara. Mai ƙofa ya ƙi buɗewa sai da gari ya yi hasken da zai iya bambance fuskar mai fita. Muka yi asuba a gindin ganuwa, sannan aka zare sakata.

Kaka ce sosai. Dawa ta sunkuyar da kai dama da hagu, auduga ta fashe fari fat. Gwaggo tana ta tambaya, me muka wuce, gonar wa ce wannan, ni ina faɗa mata. Da rana ta ɗago sai na lura da wani abu. Duk inda hanya ta karkata, Gwaggo takan juya gefen fuskarta na dama wajen rana, kamar mai neman muryar wani. Na tambaye ta ko tana gani. Ta ce gani dai a'a, amma ta san inda fari yake.

Da azahar muka dama fura a ƙarƙashin wata ɗorawa. Tanko ya ce da ya san tafiyar tsofaffi ce da ya kawo turmi ya zauna, jakin ya ja shi. Na ce masa jakin ma haƙuri yake yi da shi.

Wani rafi da bai gama janyewa ba ya ɓata mana lokaci, har muka iske an rufe ƙofar Ƙarfi. Maguzawan da ke bayan gari suka sauke mu. Maigidan sunansa Nomau. Matarsa Lami ta ɗauko sabuwar tukunya da ba a taɓa ɗorawa ba, ta ce ta san mu da tsantseni, mu dafa abinmu da hannunmu. Ta ba mu garin dawa da wake da kuka, ta ƙi karɓar komai. Da suka ji inda za mu, Nomau ya kira mahaifinsa, wani tsoho da mai aikin idon ya taɓa yi wa aiki. Tsohon ya ce yanzu yana kai awakinsa kiwo shi kaɗai, yana gane ja da baƙa, amma in ƙaya ta soke shi sai ya nemi mai cire masa. Ya ƙara da cewa abokinsa da suka je tare idon ya ɗauki zafi ya mutu gaba ɗaya. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta yi masa godiya, ta ce a shimfiɗa mata.

Malumfashi

Mun shiga da hantsi. Mai ƙofa yana karɓar kuɗin wuri a kan kowane jaki mai kaya, ya dubi namu ya miƙo hannu. Na ce masa ya duba da kyau, abin da ke kan jakin nan ya karantar da uwarsa ko sa'arta, in kuma kaya ne ya faɗi farashinsa a kasuwa in ji. Ya janye hannu. Muka sauka a gidan wani fatoma mai saukar baƙi kusa da 'yan gishiri, matarsa ta ba mu ɗaki a ƙuryar gida.

Mai aikin idon sunansa Na-Allah. Asalinsa wanzami ne, ya bar aski ya kama wannan. Mutum ne marar yawan gaisuwa, abin da ya sa na so shi tun farko. Ya shigar da mu wani ɗaki da babu taga, ya saki asabari, ya toshe ƙasansa da tsumma. Duhu ya rufe. Sai ya zare wani ɗan tsinke daga bango, rami ya bayyana kamar ƙwayar wake. Abin da na gani a bangon da ke fuskantar ramin, wanda aka shafe da farar ƙasa, shi ne tsakar gida gaba ɗaya a kife. Ga Tanko yana jan jaki, ƙafafunsu a sama, kawunansu a ƙasa, har launin hularsa. Na ja salati. Na-Allah ya ce in bar salatin sai inda ya dace, wannan ba komai ba ne. Haske miƙe yake tafiya kamar zaren da masaƙi ya ja. Wanda ya taso daga kan Tanko ya ratsa ramin ya sauka ƙasa, wanda ya taso daga ƙafarsa ya ratsa ya hau sama. Ya ce ido ma ɗaki ne irin wannan, mai ƙofa ɗaya. Da na fita na gaya wa Tanko na gan shi yana tafiya da ka, ya ce ai ni tun ina yarinya haka nake ganin mutane.

Bayan mun jima a duhun, ya ɗauko madubin fuska, ya ɗaga gefen asabari, ya tari rana da shi, ya karkato ta cikin idon Gwaggo na dama. Ya ce in matso in duba. Ƙofar idon, wadda yana ta mayar fara kamar nono, ta tsuke nan take, kamar bakin jaka da aka ja wa igiya. Ya kau da hasken, ta saki. Ya rufe na dama da tafinsa, ya haska na hagu. Ko motsi.

Gwaggo ta ce, "Alhamdulillahi, da duka biyun ina ganin hasken, Malam."

"Inna, ban tambaye ki ba," in ji shi. "Duk wanda ya shigo ɗakin nan haka yake cewa, don kada in ji na wahala a banza. Shi ya sa na daina tambayar baki. Ido nake tambaya, shi ba ya jin kunyata."

Ya ce na hagu ya riga ya tafi, ba yana kaɗai ke damunsa ba, kuma ba zai taɓa shi ba ko da za a ba shi saniya. Na dama yana da rai a bayan yanar.

Sai ya fita rumfar mahauta da kansa ya dawo da idon rago sabon yanka. Ya tsaga shi da aska, ya matso wata 'yar ƙwaya garai-garai kamar ƙanƙara, mai tudu gaba da baya. Kowace cikinku ta taɓa ganinta in tana gyaran kan layya, sai dai ba mu tsaya mun duba ba. Ya ɗora ta a kan zanena. Zaren da ke ƙarƙashinta ya yi kauri kamar igiyar guga. Ya ce wannan ita ke tattara haske a cikin ido, kuma ita ce ta daskare ta yi fari a idon Gwaggo. Ba ya iya wanke ta, ba ya iya sake wata. Abin da yake yi kawai ya ture ta daga bakin ƙofa ta faɗa ƙasan ido. Haske zai shiga, amma babu mai tattara shi. Za ta ga mutum, ta ga ƙofa, ta ga rijiya ta kauce. Baƙi a takarda kuwa kada mu sa rai. Kuma akwai idon da yakan ɗauki zafi bayan aiki, ɗan farin da ake gani ma ya ɗauke.

Raina ya ɓaci. Na ce masa ba don ta ga rijiya muka baro gida ba, muna da masu ja mata hannu, karatu muka zo nema. Ya ce shi ya faɗi iyakarsa. Amma ya ji an ce akwai wani Alhaji a Matazu da ya dawo ta Misra da madubin ido, wanda tsofaffi ke sawa su ga rubutu. Bai taɓa gani ba, ba zai rantse a kai ba.

Na juya ga Gwaggo na ce ita ke da ido, ita ke da magana.

Ta ce, "A yi. Duhun da ake tsoratar da ni da shi, ai a cikinsa nake zaune."

Washegari da hantsi aka yi, a tsakar gida, rana ta bayan kafaɗarsa don ta haska masa. Ni na rungume kanta a ƙirjina. Ya gasa wani siririn tsinken ƙarfe a wuta, ya bari ya huce, ya shigar da shi ta gefen farin ido. Ba zan ƙawata muku ba, na ji jikinta ya sandare. Ina kallo farin nan ya sunkuya ya nutse, ƙofar idon ta koma baƙa. Ya kaɗa hannu a gabanta, kanta ya bi hannun. Bai bari ta yi magana ba ya ɗaure idon.

Dokokinsa: ta kwanta rigingine a ɗaki mai duhu, kunu kaɗai, ba tauna, ba atishawa in da hali, ba daka a gidan. Matar fatoma ta kwashe turminta zuwa maƙwabta ba tare da ta ɓata fuska ba, Allah ya saka mata. Mun zo wata yana siriri, ba mu tashi ba sai da ya cika ya fara raguwa. Tanko ya riƙa yi wa 'yan gishiri dako don jakin ya ci da kansa. Wani mutumin Kafur da aka yi wa aiki a bayanmu idonsa ya kumbura ya yi ja, da sanda aka mai da shi gida. Na rubuta wannan don kada wata ta kwashi uwarta da gudu tana tsammani abin tabbas ne.

Ranar da aka kwance, Gwaggo ta daɗe tana ƙifta ido. Ta ce komai kamar ana kallonsa ta cikin ruwan tsari na wankin surfe. Ta nuna ni ta ce ga wani dogon abu da hannu a ƙugu, ba sai an gaya mata ko wace ce ba. Na buɗe mata ƙaramin littafin da muka taho da shi, wanda muke kai a karatu. Ta kai shi kusa, ta kai shi nesa. Ta ce tana ganin fari da wani toka-toka a kai, shi ke nan. Ta rufe ta miƙo mini. Ban taɓa ganin ta miƙa littafi da sauri haka ba.

Hanyar Matazu

Muka bi masu shanun dako da za su arewa. Yanzu haske ya zama abokin gaba, yana sukar ta har hawaye, sai da na saya mata malfa na yafa baƙin mayafi a kai. Da muka yi nisa laka ta ƙare, ƙasa ta koma jigawa, auduga ta ragu, sai karan gero da aka girbe da wake yana yaɗo a ƙasa. Mun kwana a Musawa, gidan wata mai koko, inda ƙuma suka yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya. A mashayar da muka tsaya da walaha Fulani suka sayar mana da nono mai kyau. A nan muka haɗu da wani mai tallar baƙin zane daga Maska, ya gane Gwaggo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ai ya baro Malam Sule yana neman aron jakuna. Gwaggo ta tambaye shi lafiyar garin. Ni na ce wa Tanko ya tashi, furar ta isa haka.

Matazu

Alhaji Isiyaku dattijo ne mai murya, mai son baƙi, kuma duk zancen da aka ɗauko sai ya kai shi Misra. Da ya ji 'yar malam ce ta zo, mai karantar da mata, ya sa aka shimfiɗa mata buzu a zaurensa, ya aika aka kira limami da dattawan unguwa. Ya fito da wani ɗan akwati, ya zaro tabarau, wato madubai biyu sirara a cikin zoben ƙarfe, ya ɗaga kowa ya gani. Ya ce shekarun da ya yi a hanya bai rabu da shi ba, amma yau ya ba da shi sadaka saboda Allah da darajar ilimi, ga shaidu. Ya sa na ɗora mata a hanci na ɗaure zaren a ƙeya. Aka buɗe littafin.

Gwaggo ta karanta. Tiryan-tiryan, babu tuntuɓe, da muryar nan tata. Zaure ya ɗauki kabbara. Alhaji yana share ƙwalla, limami ya ɗaga hannu za a shafa fatiha.

Ni ina durƙushe a gefenta, kuma tun Malumfashi na koyi inda ake kallo. Idonta bai bi layi ba. Yana tsaye wuri guda a tsakiyar takarda, baki kuwa yana can yana gudu. Littafin nan ta haddace shi tun ban san hanyar gidanta ba. Mutum ya yi mata kyautar abin da ya fi so a gaban limami, ba za ta iya cewa bai yi ba. Da haka za a shafa fatiha, mu ɗauki ƙarfe mu koma Tsiga, Malam Sule ya buɗe wani littafin daban, a gama.

Na ce a dakata da fatihar. Akwai allo a jingine a bango da tawada a gefensa. Na ɗauka na rubuta layi guda wanda babu shi a littafin kowa, na riƙe a gabanta. Gwaggo ta dubi allon. Ta daɗe.

"Dije, ba ki da kunya," ta ce a hankali.

"Na baro ta a Tsiga tana jiran kaji, Gwaggo. Kunyar Alhaji ta yini ɗaya ce. Mu in aka ɗauke ki, wa zai buɗe mana gafakar nan?"

Fuskar Alhaji ta canza, ban ga laifinsa ba. Limami ya ce da ni, baiwar Allah, ana yin magana da lafazi. Na ce na yi hanya mai nisa, lafazin ya zube a rafi. Sai Alhaji ya sunkuya ya tambaye ta da kansa, tsakaninta da Allah, me take gani. Ta ce toka-toka, amma ta ɗan fi ta jiya. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce shi da tabaran yake karatu kullum, ya aka yi ya ƙi ta. Na gaya masa abin da Na-Allah ya nuna mini a idon rago. Shi tasa ƙwayar tana nan, tsufa kawai ta yi, ɗan taimako take so. Ta Gwaggo babu ita sam. Na tambaye shi ko akwatin nan yana da wani mai kauri.

Ya ce babu, sai abin wasan da yake ba baƙi mamaki da shi. Ya zaro wani madubi guda, faɗinsa kamar bakin ludayi, ba na duba fuska ba, irin wanda haske ke ratsawa. Don ya wanke zauren daga abin da na jawo, ya ce kowa ya fito ya ga ikon Allah. Ya karɓi hular Tanko ya ajiye a rana, ya riƙe madubin a samanta kamar faɗin tafin hannu. Rana duka ta taru ta zama ɗigo ɗaya mai zafin fari. Kafin Tanko ya gama tambayar me za a yi, hula ta fara hayaƙi.

Mutane suna dariya, Tanko yana kashe wuta da tafi, ni kuwa madubin nake kallo. Tudu gaba, tudu baya, kuma yana tattara haske. Na ce Alhaji ya ba ni. Na duba ta ciki da hannu a miƙe, na ga zaure a kife kamar bangon Na-Allah. Na koma inuwa, na sa Gwaggo ta ba rana baya, na cire mata tabarau, na kara wannan a idonta na dama.

Ta ja numfashi. Ta ce, "Alhaji, ashe lalle kake sa wa gemunka."

Wannan karon babu wanda ya yi kabbara, kowa ya matso. Na ɗaga allon. Ta ce ya dushe. Ta karɓi madubin da hannunta, ta ɗan tura shi gaba kamar faɗin yatsa biyu, ta matso da allon, ta mayar, ta sake matsowa. Sai na ga idon ya sauka a farkon layi ya fara tafiya. Baƙi ɗaya, ta tsaya. Wani, ta tsaya. Kamar yadda ni nake yi a shekarata ta farko.

"Jakin... Tanko... ya fi... Tanko... hankali."

Limami ne ya fara dariya. Tanko ya ce a rana ɗaya an ƙona masa hula an zage shi a rubuce, shi wannan tafiya ta ishe shi. Gwaggo ba ta sauke madubin ba. Ta tambayi wa ya yi rubutun nan. Na ce ni ce. Ta ce to, sai mun je gida.

Saura maganar madubin. Na ce wa Alhaji kai tsaye shi muke so. Ya juya shi a hannu, ya ce wannan ya ratsa hamada a cikin rigarsa. Ya ce ba zai sayar ba, ba zai kuma bayar ba, amma aro ne, ta riƙe har ranar da ta daina bukatarsa, sannan a dawo wa gidansa da shi. Tabarau kuwa ya riga ya fita hannunsa a gaban shaidu, ba ya komawa akwati. Gwaggo ta ce in gwada. Na ɗora, na dubi bakin zanena, na ga kowane zare daram. Ashe ni ma na daɗe ina miƙa allo nesa ina cewa tawadar ce ba ta da kyau. Da shi a hancina nake rubuta muku wannan.

Wani baduku a bakin kasuwa ya ɗinke madubin cikin zoben fata, ya yi masa kube da igiyar rataya. Matan Alhaji suka cika mana ƙwarya da dambu da ƙuli-ƙuli.

Komowa

Ba mu yi zaman banza ba. Musawa, Malumfashi, inda na tsaya na nuna wa Na-Allah madubin. Ya duba ta ciki, ya tambayi sunan Alhajin sau biyu, ya ce duk mai tafiya Kano zai ba shi saƙon ya nemo masa irinsa. A Ƙarfi Gwaggo ta ba mahaifin Nomau ya kara a idonsa, ya dubi tafin ƙafarsa, ya ce ashe haka ta tsage.

Mun shiga Tsiga da la'asar. Jakunan Maska suna ɗaure a ƙofar gida, mangaloli a ninke. Malam Sule ya taso ya durƙusa. Kun san Gwaggo ba ta taɓa duban inda yake a gaban mutane ba. Ran nan ta zaro madubi daga kube, ta kara a ido, ta dube shi tun daga rawani har ƙafa. Rabon da ta gan shi gemunsa baƙi ne. Sannan ta mayar da madubin.

Da safe Malam Sule ya ce ya ji labari, ya yi murna, amma shi ma ya san ƙarfin haddarta. Ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Ya kwance gafaka da kansa, ya zaro littafi daga can ƙasa, ya buɗe tsakiya. Ta karanta masa rabin shafi, a hankali, yatsa yana bin layi. Ya ce ido ɗaya ne fa, da madubin aro. Gwaggo ta juyo gare ni, ba gare shi ba.

"Dije, gaya wa baƙon nan kada jakuna su koma haka. A buɗe rumbu a ɗora masa dawa."

Haka aka yi. Littattafai suna nan inda suke.

Ga abin da ya rage ku sani. Idon hagu ba zai dawo ba. Na dama yana gajiya, da hantsi kaɗai take karatu, a inuwa. Kada wadda ta kuskura ta dubi rana ta cikin madubin nan, kada kuma a bar shi tsirara kusa da takarda. Wadda take shakka ta je ta ga hular Tanko.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Godiya ga Lami da sabuwar tukunyarta, da matar fatoma da turminta, da Na-Allah da ya faɗi iyakarsa bai ƙara ba, da Alhaji Isiyaku da na kunyata a zaurensa ya rama da alheri. Tanko ma na gode masa, amma kada a karanta masa nan wurin.

Maganar da Gwaggo ta ce sai mun zo gida kuwa, wasunku suna nan aka yi ta. Ranar da aka koma karatu ta ce in kawo allona. Shekarun nan duka hannuna ta sani, ba ta taɓa ganin abin da yake zanawa ba. Ta kara madubi ta bi shi daga sama har ƙasa.

"Ashe wannan ɓarnar kike yi a gabana ina yaba miki? Tashi ki wanke. Koma can wurin masu farawa."

Na wanke, na koma. Takardar nan ma sai da ta sa na sake ta daga farko, kuma ta ce har yanzu da saura.